Daga Ofisoshin Amurka Zuwa Zauren JAMB a Daura

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a kan dala 1,565. Ofisoshi ne suka fi rububinta, don lissafi da ajiyar bayanai. Mu ma ta wannan ƙofar ta shigo mana: banki, ofishin gwamnati, shagon buga takardu, ba gidaje ba.

Sai JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta koma kanta kacokan a 2015. To, yau ɗalibin Kusugu da ya ƙware a waya zai iya riƙe linzami karon farko ranar jarrabawa, ga lokaci na ƙurewa. Shi ya sa ɗakin kwamfuta a sakandaren Daura ba ado ba ne. A buɗe shi, yara su saba tun da wuri.