Daga GRA Katsina zuwa Badagry: hanyar da 'yan uwanmu suka bi ba su dawo ba

1/ Jama'a, ku zauna in ba ku labari. Na bar gidanmu a GRA Katsina da jakar goyo ɗaya, niyyata in ga teku kawai. Kwana guda a mota zuwa Legas, daga nan na kama bas zuwa Badagry, kusa da iyakar Seme. Yawon shaƙatawa na je, tarihi na kwaso.

2/ Wurin akwai kyau, gaskiya. Itatuwan kwakwa jere a bakin ruwa, ƙaguwa na gudu cikin rairayi, balbelu na bin masunta. Da yamma bukkokin shan bammi su cika da kiɗa. Ni dai ruwan kwakwa na saya, na zauna gefe ina kallon igiyar ruwa.

3/ Washegari na shiga gidan Seriki Williams Abass. Ɗakuna ne ƙanana, masu duhu, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Shi kansa Abass an taɓa kai shi Burazil a matsayin bawa, ya dawo ya zama dillalin bayi, kuma jagoran Musulmin garin. Wannan ya tsaya min a rai.

4/ Daga nan kwalekwale ya tsallakar da mu tsibirin Gberefu. Ka taka cikin yashi, ka wuce wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har ka isa bakin teku. Nan ne ƙarshen ƙasa ga wanda aka sayar.

5/ To ina ruwan Bakatsine da wannan? Haka ni ma na ɗauka da, cewa cinikin bayi na teku labarin mutanen kudu ne. Ashe ba haka ba ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa cikin bauta, aka riƙa gangarowa da wasu ta Oyo zuwa gaɓar teku.

6/ Misali, Ali Eisami, ɗan malami daga Barno. Aka kama shi, aka bi da shi ta Kano da Katsina, i, Katsinarmu, har ƙasar Yarabawa. A 1818 aka sa shi jirgi a Porto-Novo, maƙwabciyar Badagry. Sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, aka sauke shi a Saliyo. A can ya ba da labarinsa aka rubuta.

7/ Waɗanda ba a tare jirginsu ba fa? Da yawa Bahia aka kai su, a Burazil. Ingila ta haramta cinikin tun 1807, amma jiragen Burazil ba su daina ba sai wajen 1850. Hausawan Bahia ba su kwanta ba: an gano shirinsu na bore a 1807, suka kuma tashi a 1814.

8/ A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador. Yawancinsu Yarabawa ne, da Hausawa a ciki. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da rubutun Larabci. Irin rubutun makarantar allo da muka sani, a ƙetaren teku.

9/ Abin da ya fi damuna: ba Turawa ne suka zo Katsina suka ɗebi mutane ba. Hannu zuwa hannu aka yi ta miƙa su, kasuwa zuwa kasuwa. Cikin waɗanda aka sayar akwai namu, cikin masu sayarwa ma akwai namu. Wannan ɓangaren ba mu cika son jin sa ba.

10/ In Allah Ya kai ku Badagry, ku yi wanka a teku, ku ci soyayyen kifi, ku ɗau hoto. Amma ku tsallaka Gberefu, ku taka wannan yashin da ƙafarku. Ni da na isa bakin ruwan, addu'a na yi musu. Na koma Katsina da jakata, su ko sunayen yawancinsu ba a rubuta ba. Allah Ya jiƙan su.