Jardan na kowa: yadda wuraren renon yara a Gure za su iya karɓar kowane yaro

Jardan shi ne matakin farko na makarantar boko a Nijar, inda ake karɓar yara ƴan shekara 3 zuwa 5 kafin su shiga ajin CI. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa, mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta tanade shi. Sai dai yaran da ke samun gurbi a cikinsa ba su kai ɗaya cikin goma ba a faɗin ƙasar, kuma yawancinsu ƴan manyan garuruwa ne. Cikin waɗanda ake bari a gida akwai rukunin da ba ƙarancin gurbi kaɗai ke tare musu ƙofa ba: kurma, makaho, gurgu, mai farfaɗiya, yaron da ba ya jin harshen malama, ɗan makiyayi, da ɗan gudun hijirar da ba shi da takardar haihuwa. Tsarin da masana ke kira ilimin da ba ya ware kowa yana nufin makaranta ta gyara kanta har ta dace da irin waɗannan yara, maimakon a ce wa uwa ta koma da ɗanta gida.

Me ya sa batun ya fi tsanani a Gure

Garin Gure yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, a kan hanyar zuwa Difa. Shi ne hedikwatar ƙasar Muniyo a ƙarni na 19, yau kuma shi ne babban garin gundumar da ta haɗa da Bune, Gidigir, Kelle, Gamu da Alakos. Tasker ma a cikinta take kafin a mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta a 2011. A kasuwar Gure ana jin Barbarcin Mangawa, da Hausa, da Tubanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Larabci. Ajin jardan guda yana iya haɗa yara masu harsuna uku ko huɗu.

Makarantun musamman kuwa nesa suke. Makarantun kurame suna Yamai, Maraɗi da Damagaram. Makarantar makafi ta Soly Abdourahamane tana Yamai, fiye da kilomita 1,000 daga Gure, ko da yake akwai azuzuwan makafi da aka buɗe cikin makarantun gwamnati a wasu garuruwa, har da Damagaram. Babu uwar da za ta ɗora ɗan shekara 4 a mota ta aika shi wani gari ya zauna hannun baƙi. Saboda haka ga yaron Gure mai naƙasa zaɓi biyu ne kawai a waɗannan shekaru: jardan ɗin unguwarsu, ko zaman tsakar gida.

Abin da doka ta ce

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, da ta haƙƙin naƙasassu a watan Yunin 2008. Sashe na 24 na wannan ta biyun ya hana a ware yaro daga makarantar kowa saboda naƙasa. A cikin gida akwai dokar 93-012 ta ranar 2 ga Maris 1993 kan kare naƙasassu, wadda aka yi wa gyara a 2010, sai dokar 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019. A takarda dai babu abin da ya rage. Giɓin yana tsakanin takardar da bakin ƙofar aji, inda malama guda ke fama da yara da dama, ba tare da an taɓa koya mata yadda ake tafiyar da yaron da ba ya ji ba.

Harshe, ƙofa ta farko

Naƙasa ce ake fara tunawa idan an yi wannan magana, amma a Gure harshe ya fi ta yawan ware yara. Yaron da ya taso da Tubanci ko Fulatanci, aka ajiye shi a ajin da ake magana da Faransanci ana fassarawa da Hausa, yakan yi shiru wata da watanni. Shirun nan ne ake ɗauka daƙiƙanci, wani lokaci ma a ɗauka kurma ne.

Nijar ta daɗe da sanin maganin wannan. Tun 1973 ta fara makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa tare da Faransanci, gwajin da ya kai harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar 2001-037 ta ranar 31 ga Disamba 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, cikinsu har da Tubanci da Larabci. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya sauƙaƙa wa yaran Hausawa, amma bai kamata ya ruɗi kowa ba: ga ɗan shekara 3 da ya zo daga rugar arewacin Kelle, Hausar ma baƙon harshe ce.

Abin da ke aiki ba shi da tsada. A samu uwa ko budurwa daga cikin al'ummar yaron ta riƙa zama a aji ko da rabin safiya ne. Malama ta haddace kalmomin da ba a jinkirta su a kowane harshe na ajinta: ruwa, fitsari, ciwo, zo, zauna, sannu. A yi gaisuwar safe da tatsuniya da harsuna daban-daban bi da bi, don kada harshe guda ya zama na masu gari, sauran na baƙi.

Kurumta da sanƙarau

Jihar Damagaram tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin hunturu da bazara. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu. Ƙididdigar mamata ake bugawa a labarai, amma hukumar ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga wannan cuta yana fita da wata illa mai ɗorewa, kuma rashin ji na kan gaba. Ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ba magani, su ma suna barin yara da raunin ji.

Sau da yawa malamar jardan ce mutum na farko a wajen gida da zai lura. Alamun a bayyane suke: yaro ba ya waiwayowa idan an kira shi ta baya, yana ƙura wa bakin mai magana ido, ya wuce shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina maganar da ya fara bayan wata doguwar jinya. Aikin malama ba gano cuta ba ne, tura iyaye asibiti ne. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, wanda ke nufin jinkirin shekara guda yana iya fitar da yaro daga wannan rangwame.

A cikin aji, kurma yana zama gaba, inda haske ke faɗa wa fuskar malama, ba inda take juya masa baya ba. Akwai kuma abin da ake yawan rainawa. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kafin zuwan boko, wadda mai bincike Constanze Schmaling ta yi nazari a kanta a Kano. Makarantun kurame na yankin kuwa suna amfani da alamun da suka samo asali daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makarantu a ƙasashen Afirka da dama tun daga 1957. Yaro yakan zo jardan da alamun da shi da uwarsa suka ƙirƙira a gida. Daga nan ake farawa, ba daga littafi ba. Babban kurma na gari, tela ko makaniki, zai iya koya wa ajin gaba ɗaya alamu ashirin cikin mako biyu, kuma yara masu ji sun fi manya saurin ɗauka.

Gini, yashi da wuta

Gure gari ne mai yashi, kuma keken guragu ba ya tafiya cikin yashi. Gangarar siminti a bakin aji ba ta da amfani idan daga ƙofar makaranta zuwa gindinta keken zai nutse. Ana buƙatar siririyar hanya ta jar ƙasa da aka daddaɓe. Gangarar kanta kada ta wuce tashin mita 1 cikin tsawon mita 12, ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. Makewayi shi ne abin da ya fi mayar da yara gida: yaron da ke rarrafe ba zai shiga masai mai ƙazanta da hannuwansa ba. Kujerar katako mai rami da ƙarfen kamawa a bango aikin kafinta da maƙeri ne na kwana guda.

Maganar azuzuwan zana ta fi nauyi. A ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kashe yara aƙalla 20 a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yawancinsu ƴan jardan. A ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, yara aƙalla 25 suka rasu a irin wannan gobara a Maraɗi. Bayan haka gwamnati ta hana ajiye ƴan jardan cikin azuzuwan zana. Yaron da ba ya jin ihu, ko ba ya ganin ƙofa, ko ba ya iya gudu, shi ne na ƙarshen fita. Duk jardan da ya karɓi irin wannan yaro ya kamata a san tun ranar farko wane babba ne zai ɗauke shi idan wani abu ya taso, kuma a zaunar da shi kusa da mafita.

Cututtukan da ake gudu ba dalili

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ko ta yawu ko ta taɓa jiki, duk da abin da aka saba faɗa. Idan ta tashi a kwantar da yaro ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki; in ta wuce minti 5 a kai shi asibiti. Da magani kullum, yawancin masu ita suna zama lafiya. Zabiya yana buƙatar inuwa, hula, riga mai dogon hannu da wurin zama kusa da allo, domin idonsa ma yana da rauni. Mai amosanin jini yana buƙatar ruwan sha a kusa da shi da sutura lokacin sanyi.

Cutar noma, mai cin baki da kunci, ta fi kama ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, wato daidai shekarun jardan. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, kuma a wannan mataki magani na tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da masu ita a Damagaram tun farkon shekarun 1990. Ga yaran da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa ko tsagaggen leɓe, asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana yin aikin gyara. Yaron da ya dawo daga irin wannan jinya da tabo a fuska, abin da ya fi buƙata shi ne malamar da za ta tsawata wa mai tsokana tun karon farko.

Takarda da ƙaura

Tun harin da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, iyalai da yawa suka yo yamma, wasu suka zauna hannun dangi a garuruwan kan hanya. Su da makiyaya matsalarsu guda ce a bakin ofishin darakta: takardar haihuwa. Dokar 2019-29 ta ba da kwana 60 don bayyana haihuwa. In an wuce sai da hukuncin alƙali, wanda ake samu a zaman kotun tafi-da-gidanka da akan shirya a ƙauyuka. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta yaro ya fara zuwa, kwamitin makaranta ya bi masa takardar daga baya. Haka nan yaron da iyayensa suka tafi da dabbobi suka dawo bayan wata uku, a bar masa gurbinsa. A makarantun yankunan makiyaya an daɗe da ganin cewa abincin rana, wanda hukumar PAM ke tallafa wa a wurare da dama, shi ke riƙe yara.

Wa zai yi aikin

Yawancin wannan ba ya jiran Yamai. Kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, waɗanda shirin "Makaranta don kowa" na haɗin gwiwa da ƙasar Japan ya ƙarfafa tun 2004, daga Tawa zuwa Damagaram, su ne suka riƙe jardan na al'umma a ƙauyuka da yawa: gari ya ba da fili, ya zaɓi mai reno, ya tara abin biyanta. Ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu sun san gidan da aka ɓoye yaro. Haka ma sarkin makafi da sarkin guragu, inda ake da su. Wannan tsohon tsari na ƙasar Hausa ya ba naƙasassu shugabanci da murya, ko da yake hanyar da ya fi buɗe wa ƴaƴansu ita ce ta bara. Duk da haka babu mai ƙidayar da ya kai su sanin mutanensu. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, da ƙungiyar Humanité & Inclusion, wadda a da ake kira Handicap International, suna da gogewa kan horar da malamai a wannan fanni.

Lokacin da ya fi dacewa a zaga gida-gida shi ne watan Satumba, kafin komawa makaranta a Oktoba, domin a san yara nawa ne ke tafe da kuma abin da kowannensu ke buƙata. Idan yaro ya gama jardan, malama ta rubuta wa malamin CI rabin shafi: inda yaron ke zama, alamun da yake amfani da su, harshen gidansu, maganin da yake sha da lokacin shansa, da sunan abokin da ya saba riƙe masa hannu.