Wa ke da ikon haɗa kira? Ɗan tarihi ga masu neman maudu'in firojet

Duk wanda ya taɓa kiran banki aka ce masa "danna ɗaya", to da manhaja ya yi magana. Ita ta ɗaga, ita ta ajiye shi a layi, ita ta miƙa shi ga ma'aikaci. Ƙofar da manhaja ke bi ta ba wa layin waya irin wannan umarni ita ake kira API na tarho. Na ci karo da tarihinta ina haɗa babi na biyu na bincikena, na ce bari in kawo muku.

A da, mutum ne ke haɗa kira da hannu, ya zare igiya nan ya soka can. A 1891 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Amurka, Almon Strowger, ya yi rajistar na'urar da ke haɗa kira da kanta. Ana cewa zargi yake ma'aikaciyar tarho na karkatar masa da masu kira zuwa wajen abokin hamayyarsa. Iko ya bar hannun mutum, amma ya faɗa cikin akwatin kamfani a kulle, kowane akwati da yarensa.

Sai wajen shekara ɗari aka fara buɗe shi. A 1992 ƙungiyar ECMA ta Turai ta fitar da ƙa'idar CSTA, don kwamfuta da na'urar rarraba kiran ofis su fahimci juna. A 1993 Microsoft da Intel suka kawo TAPI, wadda da farko wayar gefen kwamfutarka take sarrafawa. AT&T da Novell kuwa suka yi TSAPI, inda babbar kwamfuta guda ke juya layukan ofis gaba ɗaya. Daga baya Sun ta kawo JTAPI ga masu Java. Duk da haka, sai mai kuɗin sayen na'urar ke shiga wasan.

A 1999 Mark Spencer, matashi a Alabama, ya rasa kuɗin sayen na'urar ga ɗan kamfaninsa. Sai ya rubuta Asterisk ya sake ta kyauta, kwamfuta ta gama-gari ta zama na'urar rarraba kira. A 2008 Twilio ta zo: ko na'ura ba ka buƙata, ka tura umarni ta intanet, ka biya iya mintunan da ka ci.

To ina ruwanmu? Tun zuwan GSM a 2001 waya ta shiga ƙauyukanmu. Iyayenmu da yawa ba sa karanta saƙon boko, amma wallahi in waya ta yi ƙara za su ɗaga. Maimakon kowace shekara mu maimaita firojet ɗin rajistar ɗalibai, me zai hana wani ya gina layin da ke tuna wa uwa ranar rigakafi da Hausa, Fulatanci ko Barbarci? Ko wanda manomi zai kira ya ji farashin masara a Dawanau kafin dillali ya iso?

Sai dai a kula, ta wannan ƙofar 'yan damfara ma ke shigowa. Kar ka sa manhajarka ta kira wanda bai ba ka izini ba.

Mai sha'awa ya tsaya bayan sallar Juma'a a masallacin makaranta mu tattauna. Allah ya ba mu sa'a.