ZARE: Me dorina take ci a tsakiyar Sahara?

1/
Jama'a, a cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda yau za ka yi tafiyar yini a mota ba ka ga ɗanyen ganye ba, an tono ƙasusuwan dorina. Dorinar nan dai da kuka sani, wadda ba ta iya wuni a waje da ruwa. Me ya kai ta can, kuma me take ci? Ku gyara zama.

2/
Sunan wurin Gobero. Wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ne ya faɗa kansa a 2000, shi da tawagarsa. Abin dariya, ba ma shi suka fita nema ba, ƙasusuwan dinosau suke farauta. Sai ga kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru.

3/
A gefen kaburburan ga ƙashin dorina, ga na kada, ga na giwa da raƙumin dawa, ga ƙayar giwan ruwa, kifin nan da ke kai tsawon mutum. Ga kuma masun kamun kifi da aka fiƙe da ƙashi. Akwai wata yarinya da aka binne da awarwaro a damtsenta, na hauren dorina.

4/
To ga inda labarin yake. Ƙashin dabba ba sunanta kaɗai yake gaya maka ba, har abincin da ke wurin yake tona maka.

Dorina da rana tana kwance cikin ruwa, da dare ta fito kiwo. Ciyawa take ci, gajeriya, wajen kilo 40 a dare guda, tana yankar ta da leɓɓanta masu faɗi. Kuma ba ta nisa sosai, don dole gari ya waye mata a ruwa.

5/
Ke nan duk inda ka ga ƙashinta, ka san an yi ruwa mai zurfin da ba ya ƙafewa ko da bazara, da fadama mai ciyawa a kusa. Ba kududdufin damina ba.

Giwa kuma ta fi ta ci. Babba takan cinye har kilo 150 a rana: ciyawa, ganye, ɓawon itace, saiwa. Ruwa kuwa sai ka ce ana ɗura wa tanka.

6/
Yaya aka yi Sahara ta iya ciyar da irin waɗannan? Duniya tana ɗan layi a kan yadda take juyawa, kamar katantanwar da yara ke murzawa, kuma layin yana zagayowa duk bayan shekara dubu 20 da 'yan kai. Idan ya zo wani matsayi, zafin rana a arewacin Afirka yana ƙaruwa a watannin damina, sai ya ja iskar ruwa daga teku ta nausa arewa sosai.

7/
Haka ta faru daga kimanin shekara 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce. Tafkin Cadi ya kumbura ya kai murabba'in kilomita wajen 350,000. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin Najeriya fa, duk ruwa.

8/
'Yan Yobe ku matso. Kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, mai tsawon sama da mita 8, shekarunsa sun kai 8,000. Zamaninsu ɗaya da mutanen Gobero na farko. Wanda ya sassaƙa shi ya san dorina sarai, ƙila ma ita ce babbar fargabarsa in ya shiga ruwa.

9/
Mu haura Abzin. A Dabous, arewa da Agadas, akwai wani dutse da aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa. Babban ya haura mita 5, wato daidai girman na gaske. An fitar da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya. Ana ƙiyasta shekarunsa 6,000 zuwa 8,000. In ka taɓa sauka filin jirgin Agadas, akwai kwafinsa na alminiyom.

10/
Wanda ya yi wannan aikin ba labari aka ba shi ba. Ya zauna ya ƙare wa dabbar kallo.

Raƙumin dawa kuwa ba ruwansa da ciyawa. Ganyen itace yake ci, musamman dangin ƙaya irin su farar ƙaya da bagaruwa. Harshensa ya kusa rabin mita, yana zare ganye daga tsakanin ƙayoyi. Ke nan Dabous ta taɓa zama dajin itatuwa.

11/
Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba tukunya ba faɗa. Raƙumin dawa na sama. Giwa na tsakiya, tana karya reshe tana buɗe daji. Dorina na bakin ruwa da dare. Ita ma karkanda iri biyu ce: mai faffaɗan baki tana kiwon ciyawa, mai tsinin leɓe tana tsinkar ganye. Kalli bakin dabba kawai, ka san abincinta.

12/
Akwai kuma wata ɓauna da ta cika zanen duwatsun Sahara, ƙahonninta daga wannan tsini zuwa wancan sun kai kusan mita 3. Mai irin wannan ƙaho ba zai kutsa kurmi ba, sai fili. Ta ƙare ƙaf, babu irinta yau.

13/
Wani zai ce, malam duk wannan ai hasashe ne. A'a, akwai awo.

Ciyawar ƙasashen zafi, har da gero da dawa, tana ɗaukar sinadarin kabon ta wata hanya daban da ta itatuwa. Bambancin yana shiga jikin dabbar da ta ci, ya zauna a farin ɓawon haƙorinta. Ɓawon nan yana daɗewa ainun. Sai a ɗan kankaro garinsa a auna, a gane mai haƙorin ciyawa ya fi ci ko ganye.

14/
Da aka yi wa tsofaffin haƙoran giwaye na gabashin Afirka wannan awo, sai abin mamaki ya fito. Na tsawon miliyoyin shekaru ciyawa ce babban abincinsu. Giwar yau kuwa ganye da reshe sun fi yawa a cikinta. Wato abin da muke gani a Yankari ba shi ne yadda dangin giwa suka saba ci tun asali ba.

15/
Daga nan ruwa ya fara ja da baya. Masana na jayayya kan ko farat ɗaya ne ko a hankali. Lakar da aka haƙo daga ƙasan tafkin Yoa a arewacin Cadi ta nuna a hankali: ƙurar furen itatuwa na raguwa, sai ta ciyawa, sai rairayi, har hamada ta kafu wajen shekara 2,700 da suka wuce.

16/
Akwai masu cewa shanu da awakin makiyayan lokacin sun gaggauta abin. Wasu suka ce akasin haka, kiwo mai yawo ma ya jinkirta shi. Ni dai ina ganin ɗora wa makiyayi laifin abin da juyin duniya ya kawo son zuciya ne.

17/
Abinci ne ya yanke wa kowa hukunci. Tafki na ƙafewa dorina ta gama. Giwa ta bi ruwa kudu. Raƙumin dawa yakan jure kwanaki bai sha ba muddin akwai ɗanyen ganye, shi ya sa ya fi su daɗewa a gefen hamada. Mariri, mai iya watanni da ɗan ruwan da ke cikin tsirrai, har ƙarni na 20 tana nan. Ita bindiga da mota suka gama da ita, sai a 2016 aka fara mayar da ita dajin Cadi.

18/
Raƙumin dawan yammacin Afirka a da daga Senegal har tafkin Cadi ake ganinsa. A 1996 saura 49 kacal a duniya, duk a Kure, kilomita 60 daga Yamai. Yanzu sun haura 600.

19/
Kuma har yau cikinsu ne ke tsara musu tafiya. Da damina suna kan tudu suna cin geza da 'yan'uwanta. Da rani su gangara Dallol Bosso wajen gawo, itacen nan mai yi wa damina gardama, da sai kowa ya kaɗe ganye shi yake fitar da nasa. In ya samu sarari kuma ya leƙa gonar wake ko lambun mangwaro, manoma su yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyarsu.

20/
Matsalar ita ce dajin tudun nan shi ne itacen girkin Yamai, ana sara ana lodi a mota kullum, gonaki kuma na cin sauran. Shi ya sa a 2018 aka ɗebi guda 8 aka yi tafiyar wajen kilomita 800 da su zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 rabon da a ga raƙumin dawa. 'Yan Dakwaro, naku ne yanzu. Wanda ya gan su da idonsa ya ajiye mana hoto a ƙasa.