Tikopia: tsibirin da ya zaɓi gona a kan alade

A gabashin ƙasar Tsibiran Solomon, cikin tekun Fasifik, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Tikopia wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 5 ba. Babu kogi a cikinsa. Abin da suke da shi sai ruwan sama, da 'yan maɓuɓɓuga, da tabkin Te Roto da ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, shi ma ruwansa da gishiri-gishiri. Amma mutane sun zauna a nan kusan shekara 3,000 suna ci daga abin da suka noma. Wasu kan ce ni'imar ƙasa ce ta riƙe su. A ganina, shawara ce da horon kai suka riƙe su.

Binciken tona ƙasa da Patrick Kirch da Douglas Yen suka wallafa a 1982 ya nuna cewa mutanen farko, waɗanda suka sauka wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, ba su tausaya wa tsibirin ba. Sun yi ta sassabe da ƙona daji, ruwa ya zaizaye gangara, tsuntsaye da dabbobin bakin teku suka ragu ƙwarai. Jikokinsu ne suka gyara. Suka mayar da kusan dukkan tsibirin lambu mai hawa-hawa: a sama kwakwa da itacen burodi da itatuwan ƙwaya, a tsakiya ayaba, a ƙasa gwaza da doya. Ga manomin da ba shi da ruwan ban-ruwa, wannan tsari shi ne madatsarsa. Inuwa na hana ƙasa bushewa, saiwoyi na riƙe gangara, ganye da ciyawar da ake rufe gindin shuka da su na tsare danshi, kuma idan fari ya cinye amfani ɗaya wani zai tsira. Rarar abinci kuwa sai a binne ta a ramuka ta yi tsami, ta daɗe ba ta lalace ba, tamkar rumbu a ƙarƙashin ƙasa, inda guguwa ba ta kai hannu.

Hukunci mafi nauyi ya zo ne wajen shekarar 1600, lokacin da suka kashe duk aladun tsibirin. A al'adar mutanen Folinisiya, ciki har da na Tikopia, alade dukiya ce da alfarma, abin da manya ke taƙama da shi a wurin biki. Sai dai yana tone gonaki, yana kuma cin abincin da ya kamata ya shiga bakin yara. Suka haƙura da shi, suka koma ga kifi. Irin wannan mataki ba ya yiwuwa sai inda akwai shugabancin da ake jin maganarsa, kuma Tikopia na da sarakuna huɗu, na zuriyoyin Kafika da Tafua da Taumako da Fangarere, masu ikon hana taɓa wani amfanin gona har ya nuna ko har ƙasa ta farfaɗo.

Mai ja da wannan magana zai ce an biya farashi mai muni, kuma gaskiyarsa ne. Raymond Firth, masanin al'adu da ya zauna da su a 1928 zuwa 1929, ya rubuta yadda, don kada jama'a su yi wa ƙasar yawa, ake hana ƙannen maza aure, da yadda ake kashe jarirai, da yadda samari ke shiga kwale-kwale su nufi teku ba su dawo ba. Babu mai hankalin da zai yabi wannan. Zai kuma ƙara da cewa a 1952 da 1953, bayan jama'a sun haura 1,700 daga kusan 1,300 a 1929, guguwa ta jawo yunwar da sai da aka kawo agajin abinci daga waje. Amma wannan yunwa ba ta ƙaryata tsarin ba. Ta nuna iyakar ƙasar ne, iyakar da mutanen suka daɗe da sani. Maganin da aka samu daga baya, wato ƙaura zuwa tsibiran Russell da Makira, ya sauke wa gona nauyi ba tare da an zubar da jini ba, noman kuwa ya ci gaba yadda yake.

A watan Disamba na 2002 guguwar Zoe, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka auna a kudancin Fasifik, ta afka wa tsibirin. Ta tumɓuke itatuwa, teku ta fasa cikin tabkin, gishiri ya ɓata ruwan sha. Mutane suka fake a kogunan dutse, suka sha ruwan kwakwa na kwanaki kafin jirgin agaji ya iso, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Masu tsara noma a tsibiran da suka dogara da ruwan sama, waɗanda a yau shinkafa da abincin gwangwani na jirgin ruwa suka mamaye kwanukansu, ya kamata su fara da kare lambunan gargajiya da ramukan ajiya kafin su kawo sabon iri.