Karofin Yammacin Kano: Marini Ma Makiyayi Ne

A ƙarni na 19, lokacin da tufafin Kano suke ratsa Sahara, ba a birni kaɗai ake rina su ba. Ƙasar Karaye da Rogo, har da Zarewa, ta yi suna da karofi, domin damina tana da kyau a can, baba yana yi sosai. Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851, ya ba da labarin yadda ake kai wannan haja har Tambutu da Gat da Tarabulus. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, marini makiyayi ne, sai dai garkensa ido ba ya ganinsa.

Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an zuba baba da toka da katsi a ramin da aka shafe da laso, a yi kwanaki ana motsawa da muciya. A nan ne ƙwayoyin bakteriya masu jure kaifin toka suke juya shunin ya narke ya kama zare, shi ya sa zane yake fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi.  Wani zai ce ai marini bai san bakteriya ba, don haka aikinsa gado ne, ba ilimi ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Da wari da kumfa da launin ruwa yake gane ramin da ya nuna da wanda ya mutu, ya san magani, kuma ya dace shekara da shekaru. Sanin da kan ba da sakamako a kai a kai ilimi ne.

Ba kuma gazawarsa ce ta durƙusar da sana'ar ba. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, aikin kwanaki ya koma na awoyi, sannan jirgin ƙasa ya buɗe wa yadin Turai mai araha hanya. Ya kamata masanan Jami'ar Bayero su je su ɗebi ruwan ramukan da suka rage, su rubuta abin da tsofaffin marina suka sani tun suna raye.