Bindigar wasa a idon ɗan sanda: yadda abin wasan yara ke jawo harbi

Bindigar wasa iri-iri ce. Akwai ta roba mai launi wadda ake ɗura wa ruwa, ita ba ta ruɗin kowa. Akwai wadda ƙara kawai take yi idan an ja kunamarta. Sai kuma bindigar iska, mai harba ƙananan ƙwayoyin roba ko na ƙarfe, wadda ita ce ta fi jefa 'yan sanda cikin ruɗani, domin masu ƙera ta suna kwaikwayon bindigogin gaske ne kamar an tsaga kara, tun daga girma da launi har zuwa nauyi. Wasu ma da izinin kamfanonin ƙera makamai ake yin su, da tambarin kamfanin a jikinsu.

Matsalar ta fi ƙamari a Amurka, ƙasar da bindigogin da ke hannun farar hula suka fi mutanenta yawa, inda ɗan sanda ke zuwa kusan kowane kira da tunanin cewa zai iya cin karo da makami. A ƙarshen 2016 jaridar Washington Post ta ƙidaya mutum 86 da 'yan sanda suka harbe har lahira a cikin shekara biyu, dukkansu suna riƙe da bindigar da daga baya aka gano ba ta gaske ba ce.

Tun a 1988 majalisar dokokin Amurka ta wajabta sanya alama mai launin ruwan lemo a bakin bindigar wasa, domin a bambanta ta da ta gaske daga nesa. Sai dai dokar tana da giɓi. Ba ta shafi bindigar iska mai harba ƙwayar ƙarfe ba. Alamar kuma 'yar roba ce da ke karyewa, ko yaro ya cire ta, ko ya shafe ta da baƙin fenti don abin wasansa ya ƙara kama da na fim. Su ma 'yan sanda ba su cika dogara da ita ba: da dare ba a ganin ta sosai, idan bindigar na soke a ƙugu bakinta a ɓoye yake, kuma babu abin da zai hana mai laifi ya shafa wa bindigar gaske wannan launi.

Abin da ya faru da Tamir Rice

Babu lamarin da ya fito da wannan matsala fili kamar kisan Tamir Rice, yaro baƙar fata ɗan shekara 12, a birnin Cleveland na jihar Ohio. A ranar 22 ga Nuwamba, 2014, Tamir yana wasa a filin shaƙatawa na Cudell da wata bindigar iska mai harba ƙwayar roba, wadda ya karɓa daga wani abokinsa. Ƙirar bindigar hannu ta Colt gare ta, kuma alamar bakinta ta riga ta fita. Wani mutum da ke zaune a filin ya kira lambar gaggawa ya ce akwai wani da ke nuna wa mutane bindiga. Amma ya ƙara da cewa mai yiwuwa ta bogi ce, kuma mai yiwuwa yaro ne ke riƙe da ita.

Waɗannan bayanai biyu ba su isa kunnen 'yan sandan da aka tura ba. Abin da aka sanar da su ta rediyo shi ne akwai wani namiji da ke nuna wa jama'a bindiga. Jami'in da ke tuƙi, Frank Garmback, ya hau da mota kan ciyawar filin har sai da ya kai ta dab da rumfar da Tamir yake. Abokin aikinsa, Timothy Loehmann, wanda sabon shiga ne, ya fito ya yi harbi sau biyu cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu da isowar motar ba. Harsashi ɗaya ya sami yaron a ciki. Jami'an sun ce sun ga ya kai hannu ƙugunsa, inda bindigar take. Da suke kai rahoto ta rediyo, sun kwatanta shi da mai kimanin shekara 20. Ba su ba shi taimakon gaggawa ba, sai da wani jami'in hukumar FBI ya iso bayan kusan minti huɗu. Yayarsa 'yar shekara 14 da ta rugo wajensa, sai aka kayar da ita, aka sa mata ankwa, aka saka ta a bayan motar. Tamir ya rasu washegari a asibiti.

Idan aka bi lamarin daki-daki, za a ga cewa kamannin bindigar ba shi kaɗai ya jawo mutuwar ba. Da an isar da cikakken saƙon mai kiran, da jami'an sun zo da wani tunani dabam. Da sun tsaya daga nesa, sun fake a bayan mota, sun yi magana ta lasifika, da sun sami lokacin da za su kalli wanda ke gabansu su gane yaro ne. Kusantar da suka yi ita ce ta bar Loehmann a fili ba tare da mafaka ba, ta kuma takura shawarar rai da mutuwa cikin ƙiftawar ido. Abin lura a nan, dokar jihar Ohio ta halatta wa baligi ya riƙe bindigar gaske a bainar jama'a.

A Disambar 2015, kwamitin 'yan ƙasa da ke tantance ko akwai hujjar gurfanarwa ya ƙi amincewa a tuhumi jami'an. A Afrilun 2016 birnin Cleveland ya amince ya biya iyalan yaron diyyar dala miliyan 6 ba tare da amsa laifi ba. An kori Loehmann daga aiki a 2017, amma ba don harbin ba. Laifinsa shi ne ɓoye bayani a takardar neman aiki game da wata rundunar da ya bari bayan an ga bai dace da aikin ba. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta rufe nata binciken a Disambar 2020 ba tare da tuhumar kowa ba.

Kafin Tamir, a Oktoban 2013, an harbe Andy Lopez ɗan shekara 13 a Santa Rosa ta jihar Kalifoniya yana tafiya da bindigar iska mai ƙirar AK-47, lamarin da ya sa jihar ta tsaurara dokar launin irin waɗannan bindigogi. A Agustan 2014 kuma an kashe John Crawford, mai shekara 22, a cikin wani babban kanti a Ohio, yana riƙe da bindigar iskar da ya ɗauko daga kantar shagon, yana magana a waya. Babu jami'in da aka gurfanar a duka biyun.

Ma'aunin kotu

Dalilin da ya sa gurfanarwa ke wuya yana cikin hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1989 a shari'ar Graham da Connor. Kotun ta ce za a auna amfani da ƙarfi ne da abin da jami'i mai hankali zai gani a wurin a wannan lokaci, ba da abin da aka gano daga baya ba. Saboda haka kasancewar bindiga ta wasa ba ta da nauyi sosai, matuƙar ta yi kama da ta gaske. Wasu kotunan sun ƙara ƙuntata ma'aunin, suna duba daƙiƙun ƙarshe kaɗai. A Mayun 2025, a shari'ar Barnes da Felix, Kotun Ƙolin ta yi watsi da wannan ƙuntatawa, ta ce wajibi ne a duba dukkan abin da ya gabaci harbin. Sai dai ba ta yanke hukunci kan ko za a ɗora wa jami'i alhakin haɗarin da shi ya jefa kansa ciki ba.

Birtaniya ta bi ta hanyar kasuwa. Dokar rage aikata laifukan tashin hankali ta 2006 ta haramta ƙerawa da shigowa da sayar da bindigar kwaikwayo mai kama da ta gaske, ban da wasu keɓaɓɓun buƙatu kamar shirya fim, kuma laifi ne yawo da ita a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Yawancin 'yan sandan ƙasar ba sa ɗaukar bindiga, runduna ta musamman ake turawa. Duk da haka a 2001 an harbe Derek Bennett a unguwar Brixton ta Landan yana riƙe da abin kunna taba mai siffar bindiga.

A Najeriya, Umarnin Rundunar 'Yan Sanda mai lamba 237, wanda aka sake wa fasali a 2019, shi ke tsara amfani da bindiga, kuma ya taƙaita harbi ga yanayin da ake fuskantar barazanar kisa ko mummunan rauni nan take. Ƙaramar bindigar iska ta hannu tana cikin kayan da aka haramta shigowa da su ƙasar kwata-kwata. Inda bindigar wasa ta fi bayyana a gaban hukuma a nan shi ne shari'o'in fashi, domin doka ta tanadi hukuncin kisa ga fashi da makami, da ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga fashin da babu makami a cikinsa. A shari'ar Nwachukwu da ta kai Kotun Ƙoli a 1986, wadda aka yi fashin da bindigar wasa, hukuncin da ya tabbata shi ne na biyun.